Daga Haɗeja zuwa Gashuwa da kyamara: ina ake tsayawa, kuma a wane wata?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na sayi kyamara ta hannu a wajen wani abokina, haɗe da dogon gilashi mai milimita 300. Shekara biyu ke nan ba abin da nake ɗauka sai hawan sallah da kasuwa da fuskokin mutane, yanzu raina ruwa yake so da tsuntsaye da fili. An ce in nufi fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Kwana huɗu gare ni. Waɗanda suka san wajen, don Allah ina ake tsayawa? Baturiya ko Dagona? Kuma yaushe ya fi?

Malamin Gashuwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, maganar wata ta riga maganar wuri, don haka da ita zan fara. Fadamar nan ba tafki ba ce da ke zama yadda take duk shekara. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke kawo ruwan damina ya bazu a shimfiɗaɗɗen fili, wajen Agusta zuwa Satumba ya kai maƙura, daga nan ya riƙa janyewa a hankali. In ka zo a Oktoba za ka ga ruwa iya ganinka, amma tsuntsu ya warwatsu, ko'ina akwai abinci, ba abin da zai tara maka shi wuri guda. In ka bari sai Afrilu, baƙin tsuntsayen da suka tsallako Sahara sun kama hanyar Turai, zafi kuma ba zai bar ka ka tsaya a fili ba da zarar hantsi ya dubi ludayi. Tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, nan ne lokacin. Ruwa ya ragu ya taru a kududdufai da tsofaffin hannuwan kogi, tsuntsaye sun bi shi sun cunkushe. Shi ya sa ƙidayar tsuntsayen ruwa ma a Janairu ake yin ta.

Wuri kuwa, kowanne da halinsa. Dagona tana ƙaramar hukumar Bade, tafki ne da kogi ya yanke ya bari, lanƙwasasshe kamar lauje. Ba shi da faɗi sosai, saboda haka gilashinka na 300 zai kai. Yana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, sai ka bi ta wajen ma'aikatan gandun su haɗa ka da mai rakiya. Nan ne marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya zo kallon tsuntsaye a 1989. Baturiya tana Kirikasamma a Jigawa, ita kuma abin da ya bambanta ta shi ne itatuwa: bagaruwa da giyayya tsaye cikin ruwa, inuwarsu na kwance a ƙarƙashinsu. Tafkin Nguru na faɗi ne da kwalekwale da masunta. In hoton tsuntsu kake so kusa, Dagona. In yanayin wuri kake so, Baturiya da asuba.

Ɗan Fagge:
Na gode Malam, Allah ya saka. To hazo fa? Janairu a Kano wani lokacin ko bene na gaban gidanmu da kyar ake gani.

'Yar Haɗeja:
Kada hazo ya tsorata ka. Ni da waya nake ɗauka, kuma hotunan da na fi so duk na ranakun hazo ne. Rana tana fitowa kamar faifan tagulla, kana iya kallonta ido da ido, ruwa ya koma launin toka, masunci a kan gorarsa ya zama baƙin zane kawai a tsakiya. Abin da hazo ke kashewa shi ne hoton nesa da launin gashin tsuntsu. Saboda haka ranar da ka tashi ka ga ƙura ta sauka, manta da dogon gilashin nan, ka nemi abu ɗaya a kusa, kwalekwale ko goruba ko mutum yana jan taru, ka bar hazon ya share maka bayansa. Ranar da gari ya washe kuma sai ka koma kan tsuntsaye. Cikin kwana huɗu da wuya ka rasa ko ɗaya.

Sanyi fa ka shirya masa. Sanyin bakin ruwa da asuba ba irin na cikin gari ba ne, yatsu suna ƙagewa.

Mai Hoton Biki:
Bari in ba ka na sana'a. Kada ka kuskura ka canza gilashi a fili, ƙura za ta shige cikin kyamarar ka dawo da ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Ka ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun daga ɗaki. Batir biyu aƙalla, ka ajiye ɗaya a aljihun ciki don sanyi na shanye shi. Tsuntsu mai tashi yana son saurin ƙiftawar kyamara kashi ɗaya cikin 1600 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri. Balbela da sauran fararen tsuntsaye, ka rage haske kaɗan, in ba haka ba gashin zai ƙone ya zama fari fat babu zane. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ba ya amfani a kwalekwale, ka cika ƙaramin buhu da wake ko shinkafa ka ɗora gilashin a kai.

Sai wata dabara. Garken agwagi a zaune ba ya ba da hoto. Ka samu yaro ya zagaya ta ɗaya ɓangaren, in ka shirya ka ɗaga masa hannu ya tafa ko ya jefa hoge, su tashi gaba ɗaya. Hoton da na fi sayarwa haka na same shi.

Malamin Gashuwa:
Duk abin da ka faɗa na yarda da shi ban da na ƙarshen. Wannan kam a'a, kuma ina roƙon Ɗan Fagge kada ya yi. Agwagwar nan ƙarama da namijinta ke da farin layi a saman ido, daga Turai da Rasha take zuwa, ta ƙetare teku ta ƙetare Sahara. Watannin da take yi a nan kitse take tarawa na komawa. Duk tashin firgici da ta yi, daga wannan guzurin ta cire. Mutum ɗaya ya tashe su sau ɗaya ba komai ba ne, amma kai ka koya wa yaron cewa baƙo mai kyamara yana biyan kuɗin jifa. Gobe wani ya zo, yaron ba zai jira a ce masa ba.

Kuma ba ka buƙatar hakan. Su da kansu suna tashi. Kirinjijiya tana fita kiwo da magariba ta dawo da sassafe, tana wannan fito nata da ake ji tun kafin a gan ta. Ka zauna kafin fitowar rana, ranar tana bayanka, ka yi shiru. In shirwa ko wani mai farauta ya gifta ta sama, duk garken zai ɗaga lokaci guda, kuma tashin ya fi na jifa kyau domin ba gudunka suke yi ba, ba bayansu kawai za ka samu ba.

Mai Hoton Biki:
Malam, da girmanka, amma mutumin nan kwana huɗu ne da shi, ba shekara ba. Ku da kuke zaune a can kuna da lokacin jiran shirwa. Kuma tsuntsayen nan kullum masunta na ratsa su da kwalekwale, makiyaya na koro shanu cikinsu. Tafin yaro ɗaya ne zai kashe su?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, bari in sa baki, na yi aikin gandun daji shekaru masu yawa kafin in ajiye. Tsuntsu ya san masunci. Ya san saniya. Za ka ga zalɓe tsaye taku goma daga mai jefa birgi bai ko ɗaga kai ba, saboda ya gane wannan ba ta tasa yake ba. Abin da bai sani ba shi ne mutum a tsaye cak yana nuna shi da dogon baƙin abu, sannan ƙara ta biyo baya. Wannan a wajensa maharbi ne. In aka yi masa haka sau biyu sau uku, ya bar tafkin ya koma inda ba mai tsaronsa. Mu da muka yi gadi mun ga haka da idonmu.

Dabarar da zan ba Ɗan Fagge ita ce ya zama masunci. Ka shiga kwalekwale, ka sa tufafi masu duhu, ka zauna ƙasa, ka bar mai tuƙi ya tafi yadda ya saba, kada ya nufi tsuntsun kai tsaye, ya bi ta gefe kamar wucewa zai yi. Za ka sha mamakin kusancin da za ka samu. Akwai ɗan tsuntsun nan ja mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma, har ƙasan hancin jirgi yake zuwa. Akwai mai fari da baƙi da ke tsayawa a iska wuri ɗaya yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa ya cafki kifi, shi kuma yana da reshen da ya saba sauka, in ka gane reshen ka gama. Zakaran ƙeƙuwa ne kawai matsala, shi ne ɗan sandan fadama, da ya gan ka zai fara kururuwa ya tona maka asiri.

Shamuwa kada ka neme ta a Janairu, ita da damina take zuwa. Dinya za ka gani, jinjimi za ka gani, in da rabo har kwasakwasa. Gauraki ne ba na yi maka alkawari. Muna samari ana jin kukansu da yamma, yanzu sun yi ƙaranci ƙwarai, kamun da ake yi musu ana kai wa gidajen masu hali ya cinye su.

Ɗan Fagge:
Baba na gode. Wallahi na kwafe wannan na ajiye.

Ɗan Masunci:
Ina ta karantawa tun ɗazu ban yi niyyar magana ba. Ni a gefen Nguru aka haife ni, mahaifina masunci ne, yayyena na noman shinkafa. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kuna ta jayayya kan kada a firgita agwagwa, ban ji wanda ya tambayi halin da mutanen wajen ke ciki ba. Baƙi na zuwa da kyamarori su ɗauki ruwa da faɗuwar rana su tafi, a rubuta “aljannar tsuntsaye” a ƙasan hoto. Mu kuma gonakin da kakanninmu suka noma suna ƙarƙashin kacala. Jan-baki a cikin kacalar yake kwana, da safe ya fito kamar hayaƙi ya sauka a shinkafa. Yara ba sa zuwa makaranta lokacin da shinkafa ta fara nuna, suna gona suna kaɗa gwangwani tun asuba. Wannan hayaƙin tsuntsun na sha ganin an ɗauke shi hoto ana ta yabawa.

'Yar Haɗeja:
Gaskiya ka faɗa ɗan'uwa, kuma ni ma na taɓa yin wannan laifin. Na ɗauki wani hoto da yamma, kacala ta yi layi kore shar, rana na faɗuwa a bayanta, mutane suka yi ta so. Da na nuna wa kawuna sai ya daɗe yana kallo, ya ce nan gonar wane ce, nan kuma mashigin da muke bi da jirgi zuwa kasuwa. Ni ciyawa mai kyau na gani. Tun ranar, in na sa hoton kacala sai na rubuta abin da ta binne.

Ɗan Fagge:
Ku gafarce ni, mece ce kacalar nan takamaimai? Daga ina ta zo?

Malamin Gashuwa:
Doguwar ciyawar ruwa ce, ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, kanta kamar zangarniyar gero. Da ma akwai ta jefi-jefi, abin da ya ba ta sarauta shi ne canjin tafiyar ruwa. A da kogin Haɗeja yana cika da damina ya ƙafe da rani, kuma kacala ba ta jure ƙafewa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan har da rani saboda sakin da ake yi. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. A ƙasan Haɗeja kogin yana rabuwa, akwai tsohon kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai mashigin Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Da wasu suka toshe sai ruwan ya karkata Marma, mutanen can ruwa ya yi musu yawa ya ci gonaki, na wani ɓangaren kuma suna neman na ban-ruwa. Har mu nan Gashuwa abin ya shafa, don abin da ya tsira daga fadamar shi ke zama kogin Yobe ya nufi Gaidam har Tafkin Chadi.

Ɗan Masunci bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Abin da zan ƙara shi ne kacalar nan ba masoyiyar tsuntsayen da muke magana ba ce. Agwagi da masu dogayen ƙafa buɗaɗɗen ruwa suke so da laka a baki-baki. Inda kacala ta rufe, su ma sun rasa. Jan-baki ne ya ci riba. Ruwan da zai gyara gonar yayyenka shi ne dai zai dawo da dinya.

Ɗan Masunci:
Na yarda Malam. Amma takardu ba su ƙare ba a wajen nan. Tun 1987 aka fara shirin kare fadamar. A 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, a 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya, a 2020 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa yankin cikin wuraren da ake karewa. Mahaifina har yau da lauje da adda suke shiga ruwa su yi gayya su buɗe mashigi, ƙaya da matsattsaku na cin ƙafafunsu, bayan wata kaɗan ta sake rufewa. Wannan hoton nake so in gani. Wa ya taɓa ɗauka?

Mai Hoton Biki:
To ai ba kowa ne ɗan jarida ba. Ni in na je hutu kyau nake nema, in na ga leda ko kacala a gefen hoto in goge ta. Mutanen kudu da na waje ba abin da suka sani game da Yobe sai labarin tashin hankali. In muka nuna musu ruwa da tsuntsaye da korayen itatuwa, ba taimakon wajen muka yi ba? Baƙo ya zo ya hau kwalekwale ya biya, ya sayi kifi, ya kwana a masauki.

'Yar Haɗeja:
Nuna kyau ba laifi ba ne Yaya, wajen yana da kyau, ba ƙirƙira muka yi ba. Gogewar ce ban yarda da ita ba. Ka zaɓi inda za ka tsaya, wannan haƙƙinka ne. Amma ka cire abin da ke wurin, sannan ka rubuta sunan garin a ƙasa, ka ba da shaidar abin da babu. A hoton amarya ka goge ƙurji ba wanda ya cutu. A nan kuwa wani mai faɗa a ji zai iya gani ya ce ashe lafiya lau suke.

Baba Mai Ritaya:
'Yata ta yi daidai. Kuma ku matasa ku sani hoto yana tsufa ya zama hujja. Da a ce muna da hotunan wasu tafkunan nan na shekarun 1970, daga wuri ɗaya, a wata ɗaya, da yau ba sai mun yi ta rantsuwa ba cewa nan da ruwa ne buɗe. Ɗan Fagge, ga aikin da zan ba ka. Ka zaɓi wuri guda mai alama da ba ta gushewa, gada ko tsohuwar kuka, ka ɗauki fadamar daga nan, ka rubuta rana da wata. In Allah ya kai mu baɗi ka koma ka tsaya daidai wajen. Wannan ya fi mini hoton dinya ɗari.

Shugaban Zaure:
Muhawara ta yi daɗi, a ci gaba cikin mutunci. Ina da tambaya ga manya. Kwanaki wani ya sa hoton sheƙar tsuntsaye a nan har da alamar taswira, wasu suka ce a cire. Mene ne ra'ayinku, a riƙa faɗin takamaiman wuri ko a'a?

Malamin Gashuwa:
Sunan gari ko tafki ba matsala, Dagona ba ɓoyayya ba ce. Amma itacen da tsuntsaye ke sheƙa, ko inda aka ga gauraki, ko makwancin dinya, kada a sa. Ba masu kyamara kaɗai ke karanta intanet ba. Ka kuma duba wayarka, da yawa suna liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi ba tare da ka sani ba, a kashe wannan kafin a tura.

Ɗan Masunci:
Maharban garinmu ba sa buƙatar taswirarku, sun fi ku sanin inda kowane tsuntsu ke kwana. Wanda za ku ɓoye wa shi ne mai zuwa da mota daga birni da bindiga mai baki biyu, da mai sayen tsuntsu da rai. A kan waɗannan na goyi bayan Malam.

Mai Hoton Biki:
A nan kam ba ni da ja. Maganar jifa ma na ji, zan bari. Ta gogewa ce dai har yanzu ban gamsu ba, don ni a ganina hoto zane ne, mai shi ke da iko da shi.

'Yar Haɗeja:
To ka rubuta a ƙasa cewa ka gyara, shi ke nan mun rabu lafiya.

Ɗan Fagge, saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, kuma ya fi duk na baya iya jawo maka rigima. Bakin ruwa a ƙauye ba filin kowa ba ne. Akwai mashayar da mata ke wanki da wanka, akwai ta maza. Kai baƙo ne, namiji, da dogon gilashi. Ko tsuntsu kake nufi, in matan aure na wannan ɓangaren, sauke kyamarar ka wuce. Wani baƙo ya taɓa zuwa ƙauyen kakannina ya tsaya yana ɗaukar balbelu a bayan masu wanki, da kyar dattawa suka raba shi da samari, sai da ya goge komai a gabansu. Ka fara da gidan mai gari ko bulama, ka gai da shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ya haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Makiyayi ma ka yi masa sallama kafin ka ɗauki shanunsa. In ka ɗauki mutum, juya kyamarar ka nuna masa. In da hali ka wanko ka aiko, ana ajiye irin wannan a gida shekara da shekaru.

Ɗan Masunci:
Kuma ku yi ciniki da mai kwalekwale tun a tudu, na awa ne ko na yini. Safiyar da ya ba ka ita ce safiyar da zai duba komarsa da ƙugiyoyinsa, kifin ranar ya bari saboda kai. Kada a ba shi kuɗin goro a ce an biya. Kada kuma a matsa masa ya kutsa inda ya ce a'a, ya san inda dumbar wani take, wato shingen kama kifi, ya san inda ruwa ke da ja. In ba ka iya iyo ba ka faɗa masa tun farko, ba abin kunya ba ne. Kyamarar a leda mai kauri har sai jirgi ya daidaita.

Ɗan Fagge:
In sha Allah. Wani abokina yana da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, ya ce zai ara mini. Yaya kuka gani?

Baba Mai Ritaya:
Bar shi a gida. Tashi da shi yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a Yobe jami'an tsaro ba sa wasa da abin da ke shawagi a sama, da dalilinsu. Cikin gandun ma sai da yardar masu gandun. Ga shi tsuntsaye na ɗaukarsa shaho ne, ya fi jifan yaron da muka gama magana a kai firgita su. Ko kyamarar hannu, kada ka ɗaga ta a shingen bincike ko kusa da barikin kowa. Ka tafi da katin shaidarka, kada ka yi tafiyar dare, ka tambayi mutanen gari halin hanya a ranar da za ka bi ta.

Malamin Gashuwa:
In kana son kallo daga sama, Allah ya yi mana tudu. Arewa da Gashuwa, a ƙaramar hukumar Yusufari, akwai tuddan rairayi na Tulo-Tulo da kwarurrukan Bulatura, inda za ka hau yashi ka leƙo ka ga goruba da dabino da ɗan ruwa a ƙasa, ana haƙar kanwa a gefe, raƙuma na wucewa. Sai dai yini guda ne cur, da mota mai ƙarfin shiga yashi da direban da ya san hanya, kuma hoton yashi na sassafe ne ko la'asar sakaliya lokacin da inuwa ke fito da ƙirar tudun. Da tsakar rana fari ne kawai. A kwana huɗu ni ba zan cusa shi ba. Ka bar shi tafiya ta biyu.

Ga yadda zan raba maka. Ranar farko ka iso Haɗeja, ka nemi mai rakiya, ka kwanta da wuri. Asubar ta biyu Baturiya, da yamma ka wuce Nguru ka samu faɗuwar rana a tafki lokacin da jirage ke dawowa. Ta uku ka ba Ɗan Masunci, in ya yarda, ka ga mashigin da suke buɗewa. Ta huɗu Dagona tun duhu-duhu, in ka sanar da ni zan zo mu zauna tare, ina da madubin hangen nesa.

Ɗan Masunci:
Na yarda. Ina gida daga tsakiyar Janairu, hutun makaranta. Zan tambayi Baba ranar da za su yi gayyar yankan kacala, in ta faɗo cikin kwanakinka sai ka zo da gajeren gilashi, don a cikin jirgi ɗaya za ku zauna da su, dogon ba zai yi maka aiki ba. Ka zo da takalmin roba mai rufe ƙafa da wandon da ba ka jin asararsa.

Ɗan Fagge:
Na ɗaga tafiyar zuwa sati na uku na Janairu ke nan. Gajeren da nake da shi mai milimita 35 ne, zai yi?

Mai Hoton Biki:
Zai yi sarai. Ka ɗaura shi tun daga masauki, ka rataya igiyar kyamarar a wuya kafin ka sa ƙafa a jirgi.